Darasi na 17: Zaɓen A-kori-kura don Jan Tafi-da-gidanka

Mu a nan mun saba jin kalmar tafi-da-gidanka a kan wayar hannu ko kotun da ke bin masu laifi titi-titi. A Amurka kuwa akwai mutanen da gidan ne kansa suke tafiya da shi. Da zarar sanyi ya kankama a jihohin arewa, tsofaffin da suka yi ritaya sukan kulle gidajensu, su ɗaura wani gida mai ƙafafu a bayan a-kori-kura, su gangara kudu cin rani. Wasu Florida suke nufa, wasu Texas, wasu kuma wani ɗan ƙaramin gari mai suna Quartzsite a hamadar Arizona, wanda kan cika maƙil da irin waɗannan gidaje a watan Janairu. Akasarin gidajen a jihar Indiyana ake ƙera su, musamman a yankin Elkhart. A cikin babba akwai ɗakin kwana da falo da madafa da banɗaki da tankin ruwa, tsawonsa yakan kai mita 12, nauyinsa kuma ya haura tan 7.

A wannan darasi za mu zauna a kujerar mutumin da ya sayi irin wannan gida, yana neman motar da za ta ja shi. Da wuya wani cikinmu ya sayi gidan, amma lissafin da za mu yi shi ne lissafin duk wanda ya taɓa ɗora kaya a kan abin hawa. Za mu yi aiki da kilo. Amurkawa da laba suke awo, laba ɗaya kuma ta ɗan gaza rabin kilo, wato kilo 0.454.

Yadda ake haɗa su

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tirela lokacin da aka cire mata bodi ya ga wani faffaɗan farantin ƙarfe a bayan kan motar, baƙi ƙirin da giris, mai tsaga a tsakiya. A ƙarƙashin gaban bodin akwai wata guntuwar ƙusa mai kaurin inci 2. Direba ya yi ribas, ƙusar ta shige tsagar, ƙarfe ya kama ta ƙam, shi ke nan mota da bodi sun zama abu ɗaya mai lanƙwasa a tsakiya. Turawa na kiran farantin da sunan da ke nufin ƙafa ta biyar. Sunan ya samo asali tun zamanin keken doki mai ƙafa huɗu, wanda ake kwantar masa da wata ƙafa a kan ƙafafun gaba domin ya iya karya kwana. A 1914 wani maƙeri a birnin Detroit, August Fruehauf, ya ƙera wa wani mai fataucin katako tirelar ɗaukar kwalekwale, ya jingina gabanta a bayan Ford Model T. Kamfanin da ya kafa bayan nan yana cikin waɗanda suka yaɗa tirela a duniya.

Babban gidan tafi-da-gidanka ma haka ake haɗa shi. Ana kafa ƙaramin faranti a cikin bodin a-kori-kurar, daidai saman ƙafafun baya, gaban gidan ya hau bisa bodin kamar rumfa. Amfanin haka shi ne gidan ba ya wutsil-wutsil a bayan mota idan iska ta buge shi ko babbar mota ta gifta. Sai dai yana da nasa cikas. Tirelar da ake maƙalawa a ƙugiyar baya kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta take ɗora wa mota. Mai ƙusa kuwa kashi 15 zuwa 25 take ɗorawa, kuma manyan sun fi karkata wajen 20 zuwa sama. Wannan shi za mu riƙa kira nauyin ƙusa.

Masu amalanken shanu sun riga mu sanin wannan. Bijimai biyu za su ja buhunan da ko kusa ba za su iya ɗauka a gadon baya ba. Amma a tura buhunan gaba da yawa, sai karkiya ta danne musu wuya, su durƙusa, alhali ƙarfin ja bai ƙare musu ba. Ja daban, ɗauka daban. A-kori-kurar da ke jan gida mai ƙusa aiki biyun take yi lokaci guda, kuma kusan kullum ƙarfin ɗauka ne ke fara ƙarewa.

Adadin talla da adadin ƙofa

Kamfanoni uku ne ke riƙe da kasuwar manyan a-kori-kura a Amurka. Ford na da F-150 da F-250 da F-350 da F-450. Ram na da 1500 da 2500 da 3500. General Motors na da Chevrolet Silverado da GMC Sierra, su ma 1500 da 2500 da 3500. Mutane na kiran ajin farko mai rabin tan, na biyu mai kashi uku cikin huɗu na tan, na uku mai tan ɗaya. Tsofaffin sunaye ne da suka rage a baki, motocin yanzu sun wuce su nesa, don haka kada kowa ya yi lissafi da su.

Abin da talla ke ɗagawa sama shi ne ƙarfin ja. A 2023 Ford ya tallata sababbin manyan motocinsa da cewa suna jan laba 40,000, wato kilo 18,144, suna kuma ɗaukar laba 8,000, wato kilo 3,629. Duka gaskiya ne. Abin da ke rubuce da ƙananan baƙaƙe a ƙasa shi ne adadin biyu na motoci biyu ne daban. Mai jan 40,000 F-450 ce mai injin dizal, mai ɗaukar 8,000 kuma F-350 ce mai injin fetur, dukansu masu ƙofa biyu, babu kujerun baya, babu kayan alatu. Motar da magidanci zai saya, mai ƙofa huɗu da kujerun fata da giyar ƙafa huɗu, ba ta kai ko ɗaya cikin adadin biyu ba.

A da kowane kamfani da irin awonsa, kowa na yabon kayansa. Daga baya ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fito da ƙa'ida ɗaya mai lamba J2807. Toyota ya fara binta a 2011, sauran manyan suka biyo baya wajen 2015. Jarrabawar da ta fi suna a cikinta ita ce hawan da ke kusa da madatsar ruwa ta Davis a Arizona: kilomita 18 na hawa, a ranar da zafi ya kai digiri 38 ko fiye, na'urar sanyaya mota a buɗe har ƙarshe, kuma ba a yarda inji ya yi zafi ko gudu ya faɗi ƙasa da abin da aka ƙayyade ba. Jarrabawa ce mai kyau. Amma ta ɗauka cewa mutum biyu ne kawai a motar, kowanne kilo 68, ba jikoki, ba akwatin kayan aiki, ba itacen hura wuta.

Adadin da ya shafi motarka kai kaɗai yana jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ka buɗe ƙofar za ka ga takardu biyu a manne. Ɗaya tana ɗauke da haruffa GVWR, wato iyakar nauyin motar gaba ɗaya da duk abin da ke cikinta da kanta, da kuma GAWR, wato iyakar abin da ƙafafun gaba za su ɗauka da iyakar na baya. Ɗayar, mai rawaya da fari, tana faɗin iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe. Wannan shi ne ƙarfin ɗauka, kuma direba ma yana cikin lissafin. Ana samunsa ne idan aka cire nauyin motar, da tankinta cike da mai, daga GVWR. Motoci biyu masu suna ɗaya, a jere a filin dillali ɗaya, za su iya bambanta da kilo ɗaruruwa, domin duk abin da aka ƙara wa mota a masana'anta daga ƙarfin ɗaukarta aka zabge shi. Akwai adadi na huɗu, GCWR, iyakar mota da tirela a haɗe, shi kuma a littafin mota ake samunsa.

Mu yi lissafin

Alƙaluman da ke tafe misali ne na aji, amma suna kusa da abin da ake gani a kasuwa.

Mu ce wani dattijo da uwargidansa sun zaɓi gida. Takardar talla ta ce nauyinsa kilo 5,900, nauyin ƙusarsa kilo 1,100. Dillali zai so a yi lissafi da waɗannan. Kada a yarda. Nauyin gida ne ba kowa ba komai, kamar yadda ya fito daga masana'anta. Ba wanda ke tafiya cin rani da gida fayau. Ruwa kaɗai lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai lita 300 kilo 300 ke nan. Ga tukwanen gas, ga batura, ga janareta, ga tufafi da tukwane da abinci, kuma babban rumbun ajiyar kayan yana can gaba, kusa da ƙusa. Abin da ya kamata a duba shi ne GVWR ɗin gidan, wanda ke manne a jikinsa ta hagu. Mu ce kilo 7,200 ne.

Kashi 20 cikin ɗari na 7,200 shi ne 1,440. Sai mu tara duk abin da zai hau motar:

Nauyin ƙusa: kilo 1,440
Faranti da ƙarafan kafa shi: kilo 100
Maigida da uwargida: kilo 160
Jikoki biyu: kilo 70
Kayan aiki, itace da tarkace: kilo 130
Jimla: kilo 1,900

Yanzu mu zagaya filin dillali muna buɗe ƙofofi. Ta farko, ajin 150, takardarta ta ce kilo 800. Ba sai an tsaya ba. Ta biyu, ajin 250 mai dizal, a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Injinta ɗaya ne da na babbar yayarta, tana jan gidan nan kamar ba ta ja komai ba, littafinta ma ya yarda ta ja fiye da kilo 7,200. Amma GVWR ɗinta laba 10,000 ne, wato kilo 4,536, ita kanta kuma ta cinye 3,500. Saura 1,036. Ƙusar kaɗai ta zarce wannan da kilo 404 tun kafin maigida ya hau kujera. A 'yan shekarun nan kamfanoni sun ɗaga GVWR ɗin wasu motocin wannan aji, shi ya sa ake buɗe ƙofa a karanta maimakon a yi kirdado.

Ta uku, ajin 350 mai taya ɗaya-ɗaya a baya, takardarta ta ce 1,800. Ta gaza da kilo 100. A nan za a ji masu cewa ai ɗari ba komai ba ce, mu ma da tamu muke ja shekara da shekaru. Ta yiwu. Sai dai ku tuna kashi 20 muka ɗauka, alhali ƙusa na iya kai 25. Idan ta kai, nauyinta ya zama 1,800, jimla ta koma 2,260, giɓin kuma ya zama 460. Ta huɗu, ajin 350 mai taya bibbiyu a baya, takardarta ta ce 2,500. A kashi 20 ta bar rarar 600, a kashi 25 ta bar rarar 240. Ita ce motar wannan gida.

Me ya sa taya bibbiyu ke kawo wannan bambanci? Domin kusan duk nauyin ƙusa a kan ƙafafun baya yake sauka, kuma kowace taya da iyakar abin da za ta ɗauka, a rubuce a gefenta. Tayar da aka yi wa lodi fiye da kima zafi take yi daga ciki, ba a ganin komai har sai ta fashe. Idan taya huɗu ne a baya, ɗaya ta fashe, 'yar'uwarta na riƙe motar har a samu gefen titi. Idan biyu ne, gida mai tan 7 na bisa, direba sai addu'a. Taya bibbiyu na da nasu wahalar. Faɗin motar ya kusa mita 2.4, samun wurin ajiye ta a cikin gari aiki ne, taya shida ake saya maimakon huɗu, kuma idan ba kaya tana buga mutum kamar amalanke. Duk da haka, a ganina, gidan da ya haura tan 7 bai bar wurin ciniki ba.

Wani abin mamaki: F-450, wadda ta fi kowa ƙarfin ja, sau da yawa ƙarfin ɗaukarta bai kai na F-350 mai taya bibbiyu ba. Dukansu GVWR ɗinsu laba 14,000 ne, kilo 6,350, amma F-450 ta fi nauyin jiki. Abin da ake sayenta dominsa shi ne manyan birki da tayoyi masu ƙarfi da sauƙin karya kwana.

Fetur ko dizal

Manyan injunan dizal uku ne: Power Stroke mai lita 6.7 na Ford, Cummins mai lita 6.7 na Ram, da Duramax mai lita 6.6 na General Motors. Masu su kan yi musu a kansu kamar magoya bayan ƙwallo, amma kowanne cikinsu zai ja gidan misalinmu. Dizal ya fi tsada wajen saye da gyara, yana buƙatar wani ruwa na musamman da ke tsabtace hayaƙi, kuma ya fi injin fetur nauyi da wajen kilo 300, wanda kai tsaye daga ƙarfin ɗauka yake fita. Wanda gidansa bai da nauyi sosai, tafiyarsa kuma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, injin fetur irin mai lita 7.3 da Ford ya fito da shi a 2020 ya ishe shi.

Duwatsu ne ke raba gardama. Babbar hanya mai lamba 70 tana ratsa dutse a Colorado ta ramin Eisenhower, mita 3,400 bisa teku. A can iska ba ta da kauri, injin fetur marar tabo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 ta hawa, shi kuwa dizal mai tabo kaɗan yake rasawa. Hawan ma da sauƙi a kan saukowa. Daga bakin ramin ta yamma gangara ce mai tsanani ta kilomitoci da dama, wanda ya dogara da birkin ƙafa kaɗai zai ji ƙaurinsa kafin ya kai ƙasa, birkin da ya yi zafi kuma ba ya kamawa. Motocin dizal na da birkin hayaƙi, wanda ke toshe hanyar fitar hayaƙi ya sa injin kansa ya riƙe motar. Direbobin tirela da suka san gangaren Hawan Kibo ba sai an yi musu bayanin amfanin wannan ba. Shi ma gidan yana da birkinsa na lantarki, wanda ake sarrafawa daga cikin mota, da wata 'yar igiya da ke kama birkin idan gidan ya tsinke.

Tsawon bodi

Dogon bodi ƙafa 8 ne, gajere kuma wajen ƙafa 6 da rabi. Faɗin gidan mita 2.4 ne, rabinsa 1.2. Idan aka karya kwana sosai, musamman a ribas, kusurwar gaban gidan tana juyowa wajen gilashin baya. A dogon bodi, daga bayan ɗakin direba zuwa ƙusa kimanin mita 1.4 ne, sai kusurwar ta wuce lafiya. A gajere kimanin mita 1 ne, kuma 1 bai kai 1.2 ba. Ƙarar fashewar gilashi ita ke sanar da mutum. Maganin shi ne faranti mai zamewa baya lokacin kwana, amma ya fi tsada, ya fi nauyi, nauyin kuma kun san daga inda yake fita. A kuma bar aƙalla inci 6 tsakanin saman bodi da ƙasan gaban gidan, don kada su gogu a hanya mai kwari da tudu.

Doka da sikeli

Lasin tuƙi ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Kalifoniya, gida mai ƙusa da GVWR ɗinsa ya haura laba 15,000, wato kilo 6,804, sai da lasi na musamman mai aji A. A Texas, idan mota da tirela a haɗe suka haura laba 26,000, wato kilo 11,793, tirelar kuma ta haura laba 10,000, nan ma sai aji A. Dattijonmu ya faɗa cikin duka biyun: gidansa 7,200 ne, idan aka haɗa da 6,350 na motar sun zama 13,550.

Lissafin takarda yana gaya maka motar da za ka saya. Bayan an saya an yi lodi, sikeli ne ke da magana ta ƙarshe. A gidajen man manyan motoci da ke bakin manyan hanyoyin Amurka akwai sikelin kamfanin CAT, mai faranti uku: ɗaya na ƙafafun gaba, ɗaya na baya, ɗaya na tirela. Ana hawa da gida a ɗaure, kowa na zaune a mazauninsa, a karɓi takarda. Sai a je a sauke gidan, a dawo da mota kaɗai a sake hawa. Nauyin ƙafafun motar a awon farko, a cire na awo na biyu, abin da ya rage shi ne ainihin nauyin ƙusa. Sannan a gwada kowane adadi da abin da ke jikin ƙofa.

Ga mai son kwatantawa da abin da ya sani: Hilux ɗin da ta cika titunanmu, wadda ba a sayar da sabuwarta a Amurka, tana ɗaukar kimanin tan 1, mafi ƙarfin samfurinta kuma yana jan kilo 3,500. Ƙusar gidan misalinmu kaɗai ta fi ƙarfinta.

Aiki

1. Gida mai GVWR kilo 6,000, nawa ne nauyin ƙusarsa a kashi 20? Nawa ne a kashi 25?
2. Iyali da kayansu da faranti sun kai kilo 420. Takardar ƙofa ta ce 1,800. Motar za ta ɗauki gidan tambaya ta 1 a kashi 20? A kashi 25 fa?
3. A awon farko ƙafafun gaba sun nuna 2,350, na baya 3,600. A awo na biyu na gaba 2,330, na baya 2,050. Fitar da nauyin ƙusa.
4. Bayyana da kalmominka dalilin da ya sa mota mai dizal za ta fi ƙarfin ja amma ta gaza mai fetur ƙarfin ɗauka.

Kafin zama na gaba, kowa ya samu mai a-kori-kura a unguwarsu ko a tasha, ya roƙe shi ya buɗe ƙofar direba. Ku kwafo alƙaluman da ke jikin ginshiƙin, ku tambaye shi buhun masara nawa yake ɗorawa, ku zo da duka biyun aji mu lissafa tare.